Tura fayil a bayan fage: wa zai riƙe aikin, wa zai tabbatar maka ya isa?

Tura fayil daga cikin manhaja ba wani aiki ba ne, layi ɗaya ya isa. Inda gizo ke saƙar shi ne ka bar turawar tana gudana a bayan fage, mai shago ya ci gaba da buga rasit ko zaɓen hotuna, sannan manhajar ta waiwayo daga baya ta faɗi gaskiya: kaya sun sauka, suna hanya, ko sun maƙale. A nan Zariya, inda wuta kan tafi ba sallama, sabis kuma yana hawa da sauka a yini guda, wannan waiwayen shi ne rabin aikin, in ma bai fi rabi ba.

Zan riƙa auna kowace hanya da ayyuka biyu irin waɗanda ake kawo wa masu rubuta manhaja a garin nan. Na farko situdiyon hoto ne a Sabon Gari da ke tura bidiyon biki ga mai tacewa a Samaru. Bidiyo mai gigabait 2, a layin da ke ɗora megabit 2 a daƙiƙa, zai ci daƙiƙa 8,000, wato awa 2 da minti 13, in babu abin da ya gitta. Na biyu kemis ne mai rassa a Kwangila da Samaru, kowane reshe yana tura cinikin yini zuwa babban shago a Tudun Wada, fayil ɗin ko megabait 1 bai kai ba.

Kada ƙanƙantar na biyun ta yaudare ka, shi ya fi haɗari. Bidiyon MP4 da ya yanke a hanya sau da yawa ko buɗewa ba ya yi, domin kyamarori da yawa a ƙarshen fayil suke rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. Mai tacewa zai kira nan take ya ce, “Oga, abin da kuka turo ya ƙi buɗewa.” Fayil ɗin ciniki na CSV kuwa, in ya yanke a layi na 140 cikin 300, zai buɗe lafiya lau, a haɗa lissafi, a ga cinikin Kwangila ya faɗi warwas. Kafin a gano layi ne ya katse, Alhaji ya riga ya ɗaga waya yana tambayar yaron shago, “Kai, jiya barci kuka yi a wurin nan?”

Jefa umarni ka juya baya

Kusan kowa da wannan yake farawa. A Python mutum ya kira `os.system`, ya sa umarnin `scp`, mai kwafar fayil zuwa wata kwamfuta, a ciki, ya liƙa alamar `&` a ƙarshe. Manhaja ba ta tsaya ba, fayil ya kama hanya, lambar da ta dawo sifili ce, sai a ɗauka an yi nasara. Wannan sifilin ba daga `scp` ya fito ba. Shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta aiwatar, shi ne ke cewa ya tayar da aikin, iyakar labarin ke nan. `wget -b` ma haka yake yi: ya faɗa maka lambar aikinsa, ya koma rubuta rahoto a `wget-log`, ya bar ka.

Daga nan sai a shiga faci. A duba ko fayil ya bayyana a ɗaya gefen, alhali `scp` tun daga bait na farko yake buɗe shi da ainihin sunansa. A duba ko girmansa ya daina ƙaruwa na minti ɗaya, alhali layin da ya suma da turawar da ta kammala kama ɗaya suke yi daga nesa. Wasu manhajojin saukewa ma, irin su `aria2`, tun farko suke ware wa fayil cikakken girmansa a faifai. A duba ko lambar aikin tana cikin jerin `ps`, alhali ɓacewarta ba ta bambance nasara da faɗuwa. Ban ga aikin da zan zaɓa wa wannan hanya ba, ko na kemis ko na situdiyo.

Ɗan aiken da ke dawowa da rahoto

Gyaran bai da nisa. Maimakon ka jefa umarnin, ka tayar da shi a matsayin ɗan aike na manhajarka, ka riƙe igiyarsa:

```
rahoto = open("tura-17.txt", "w")
aiki = subprocess.Popen(umarni, stdout=rahoto, stderr=rahoto)
...
lamba = aiki.poll()
```

`poll()` ba ya tsayar da manhaja. In aikin na gudana ya dawo da `None`, in ya ƙare ya dawo da lambar fitarsa. A Linux, lamba mai alamar ɗebewa na nufin kashe shi aka yi: -9 ko -15, misali. Akwai rami ƙarami a nan da ke cin mutane da yawa: wanda ya rubuta `if not aiki.poll()` ya haɗa “bai gama ba” da “ya gama lafiya” a kwando ɗaya, domin Python na ɗaukar `None` da 0 duk a matsayin babu. Sai ka tambaya da `is None` tukuna, sannan ka duba lambar.

Lura da cewa rahoton a fayil na zuba shi. In ka sa `stdout=PIPE` kuma ba ka karanta abin da ke fitowa, bututun Linux kilobait 64 yake ɗauka, da ya cika ɗan aiken zai tsaya cak yana jiran ka kwashe, kai kuma kana jiran ya gama. Umarnin da ke buga kason ci gaba a kai a kai zai iya cika shi a doguwar tura irin ta situdiyo, a gajeriyar gwajin da ka yi a ofis kuwa ba za ka taɓa ganin matsalar ba.

Wasu abubuwa biyu ke sa aiki ya rataye har abada. Ɗaya, SSH, wato kariyayyen layin da `scp` ke bi zuwa ɗaya kwamfutar, ya nemi kalmar sirri a wurin da babu mai amsawa; maganinsa makulli da `BatchMode=yes`, don ya faɗi nan take maimakon ya zauna jira. Biyu, sabis ya ɗauke ba tare da an rufe layin ba, kowane gefe yana sauraron ɗayan. `ServerAliveInterval=15` na sa SSH ya riƙa taɓa ɗaya gefen, in sau 3 a jere babu amsa ya yanke, ka ga cikin kusan daƙiƙa 45 ka samu labari. Ba don wannan ba, `poll()` zai yi ta cewa “ana kai” har gari ya waye.

To wane umarni za ka aika? Nan ne ainihin zaɓin yake.

`scp` ya fi kowa sauƙi, yana cikin Windows ma tun 2018, tare da `curl`. Tun fitowar OpenSSH 9.0 a 2022 da SFTP, tsarin tura fayil ta kan SSH, yake aiki a ƙarƙashi, amma halinsa bai canza ba ta fuskar da ta dame mu: yana rubutu kai tsaye a kan ainihin suna, kuma in ya yanke a kashi 90 cikin 100, daga sifili zai sake. Ga situdiyo wannan asarar data ce da asarar yini. `sftp` ya ɗan fi shi, yana da `reput` da `reget` na ci gaba daga inda aka tsaya, kuma cikin jerin umarninsa za ka iya ɗora fayil da sunan wucin gadi sannan ka sauya masa suna.

`rsync`, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, shi ne wanda nake miƙa wa hannu da farko in duka gefen biyu Linux ne, kuma dalilina ba saurinsa ba ne. Abubuwa uku da za ka sha wahalar rubutawa da kanka, shi yana yin su ba tare da an roƙe shi ba. Yana rubuta fayil da ɓoyayyen suna mai farawa da ɗigo, sai ya kammala ya mayar masa da sunansa na gaskiya, don haka mai karɓa ba ya ganin rabin fayil. Yana lissafa lambar tantancewa ta dukkan fayil ɗin, wato lambar da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa wadda ke sauyawa in ya sauya, a gefen biyu ya gwada su kafin ya amince. Kuma in ka sake kiran umarni ɗaya sau goma, abin da ya rage kawai yake turawa, wanda ya riga ya isa ya tsallake shi. Wannan na ukun ne ke sauƙaƙa rayuwa bayan ɗaukewar wuta: ba sai ka tuna inda aka tsaya ba, sake kiransa kawai za ka yi.

Sai dai a yadda ya zo, in aka katse shi yana share rabin da ya samu. Mutane kan ƙara `--partial` don su hana hakan, su kuma buɗe wata ƙofar ɓarna, domin `--partial` shi kaɗai yana ajiye guntun fayil ɗin da ainihin sunansa. Abin da kake so shi ne `--partial-dir=.rabi`, guntun ya zauna a wata folda ta daban har a ɗora masa sauran. Ka haɗa da `--timeout=60`, domin in wuta ta ɗauke a Sabon Gari, gefen Samaru ya gane bayan minti ɗaya cewa babu mai magana, ya adana abin da ya samu ya fita.

Lambobin fitarsa kuma suna magana dalla-dalla. 0 komai ya tafi. 23 wasu fayiloli sun ƙi saboda kuskure. 24 wasu sun ɓace daga wurin mai turawa ana cikin aiki. 30 lokaci ya ƙare babu motsi. 12 zancen da ke tsakanin gefen biyu ya yanke, 255 kuwa yawanci SSH ne da kansa ya kasa. Da wannan manhajarka za ta iya yanke hukunci da hankali: 12 da 30 da 255 a jira a sake gwadawa, 23 a nuna wa mutum, domin sake gwadawa ba ya gyara izinin folda ko faifan da ya lalace. Aibinsa shi ne dole ya kasance a gefen biyu, kuma Windows ba ta zuwa da shi, sai ta WSL ko Cygwin, masu ba da damar gudanar da umarnin Linux a Windows. Ga kwamfutar kanta da za ka bar wa wanda bai san komai ba sai danna maɓalli, wannan ƙarin kaya ne da za ka riƙa ɗauka.

In ta HTTP ne kake sauke ko ɗora kaya, `curl` na Daniel Stenberg ne a gaba, amma yana da hali guda da ya kamata ka sani tun kafin ya kunyata ka. In uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin a ɗaya gefen, ta amsa da lambar kuskure irin 404 ko 500, a wurinsa an yi magana an samu amsa, sai ya adana shafin kuskuren da sunan fayil ɗinka ya fita da 0. Sai ka sa `--fail` zai fita da 22. Haka nan datar da ta ƙare a kan layi maras kariya na iya kai ka shafin “sayi data” maimakon fayil, wanda ko `--fail` ba lallai ya kama shi ba. HTTPS da lambar tantancewa ne ke kama irin wannan. `-C -` na ci gaba da saukewa daga inda aka tsaya, 18 na nufin fayil bai cika ba, 28 lokaci ya ƙare. `--speed-limit` tare da `--speed-time` sun fi `--max-time` dacewa da layinmu, domin ba tsawon lokaci ne laifi ba, tsayawa cak ne. A tsohon PowerShell na Windows kuma ka rubuta `curl.exe` cikakke, in ba haka ba wani umarni daban zai amsa sunan.

Tsakanin kwamfutocin Windows da ke ofis ɗaya, `robocopy` ne, da `/Z` don ci gaba bayan katsewa. Shi kuma lambobinsa a juye suke: 1 na nufin ya kwafa lafiya, 0 na nufin babu abin kwafa, sai daga 8 zuwa sama ne faɗuwa. Manhajar da ta ɗauki duk abin da ba sifili ba a matsayin kuskure za ta yi ta ƙararrawar banza. Ka kuma rage masa `/R` da `/W`, domin in ka bar shi yadda ya zo zai sake gwada fayil sau miliyan 1, yana hutawa daƙiƙa 30 a tsakani.

Raunin wannan hanya gaba ɗayanta guda ne, kuma babba ne: ɗan aike ga wanda ya aike shi kaɗai yake ba da rahoto. In mai shago ya rufe manhajar da ƙarfe shida ya tafi sallar magariba, a Linux turawar na iya ci gaba, musamman in ka tayar da ita da `start_new_session=True`, amma lambar fitarta ta tafi inda ba za ka same ta ba. Ajiye lambar aikin a fayil ba ya ceton ka, don bayan an sake kunna kwamfuta wani aikin daban na iya gadon wannan lambar. Dabarar da ke aiki ita ce ka naɗe umarnin a ɗan rubutun shel da zai zuba `$?`, wato lambar fitar umarnin, a fayil da zarar `rsync` ya fita. Gobe manhajar ta tashi ta karanta. In babu fayil ɗin kuma babu aikin, an ɗauke wuta ke nan, sai a sake.

Laburare a cikin zare

Hanya ta uku ba ta kiran kowa daga waje. Manhajar da kanta take turawa, da Paramiko in SFTP ne, ko `requests` in HTTP ne, a cikin wani zare na daban, wato reshen aiki da ke gudana a gefe cikin manhajar, don kada allo ya daskare. Daɗinta a bayyane yake: babu abin da za a girka daban, tana aiki iri ɗaya a Windows da Linux, kuma kuskure na zuwa maka da sunansa maimakon lamba. `put()` na Paramiko na karɓar aikin da zai riƙa kira yana faɗa masa bait nawa suka tafi cikin nawa, ka ga sandar ci gaba ta samu ba tare da ka tsaya tsintar lambobi daga rubutun wani umarni ba.

Amma duk abin da `rsync` ke yi maka kyauta, nan kai za ka rubuta shi. Tabbacin da `put()` ke yi a ƙarshe na girman fayil ne kawai, ba ya duba abin da ke ciki. Sunan wucin gadi kai ne, ci gaba bayan katsewa kai ne, sake gwadawa kai ne. `requests` ba ya da iyakar jira sai ka sa masa `timeout`. In kuma da `concurrent.futures` kake aiki, `done()` na cewa eh ko aikin ya yi nasara ko ya faɗi. Kuskuren na kwance a ciki shiru har sai ka kira `result()`, in ba ka kira ba babu mai ji. Kuma zare ba ya rayuwa bayan manhajarsa.

Ga kemis duk wannan ba abin tsoro ba ne. Fayil ɗin da ke tafiya cikin daƙiƙu kaɗan bai buƙatar ci gaba daga tsakiya, in ya faɗi a sake shi ɗungurungum. Ga situdiyo kuwa za ka wayi gari kana sake ƙera `rsync` da hannunka, kuma naka ba zai kai nasa ba.

Miƙa wa babbar manhaja

A Windows akwai hidimar da aka gina don wannan aikin takamaimai, BITS, wadda ta zo da Windows XP a 2001 don sauke sabuntawar Windows ba tare da ta takura wa mai kwamfuta ba. Bambancinta da duk na baya shi ne ita ke riƙe da rajistar aikin. Ka rufe manhajarka, sabis ya ɗauke, inbata ta yi ƙara ta mutu, a tayar da janareta a sake kunna kwamfuta: da mai aikin ya shiga, BITS za ta ɗora daga inda ta tsaya.

```
$aiki = Start-BitsTransfer -Source $adireshi -Destination $wuri -Asynchronous
$aiki.JobState
Complete-BitsTransfer -BitsJob $aiki
```

Matsayin da take faɗa ya fi lambar fita bayani. `Transferring` ana kai. `TransientError` matsala ce da take ganin za ta wuce, ita za ta sake gwadawa da kanta, a yadda ta zo bayan minti 10, kuma sai an yi kwana 14 babu ci gaba take sallamawa ta koma `Error`. `Transferred` kaya sun sauka. Nan mutane ke tuntuɓe: sun ga `Transferred`, sun leƙa folda, babu fayil sai wani mai ƙarewa da `.tmp`. Ba ya bayyana da sunansa sai ka kira `Complete-BitsTransfer`, kuma in ka manta da aikin har kwana 90 za ta soke shi. Ni ina ganin wannan tsari daidai ne, domin ya tilasta wa manhajarka ta zo da kanta ta karɓi kayan kafin kowa ya taɓa su. Ka adana `JobId` a wurinka don ka nemo aikin da `Get-BitsTransfer` bayan an sake kunnawa.

Iyakarta ita ce ƙwararriyar mai saukewa ce, ɗorawa kuwa da sharaɗi. Ɗora fayil ta HTTP na buƙatar uwar garke mai fahimtar tsarin BITS, wanda a aikace IIS ne, manhajar uwar garke ta Microsoft, da aka ƙara wa wannan sashe. Ba ta san SFTP ba. Aikin da mutum ya tayar da sunansa yana dakatawa in ya fita daga asusunsa. Kuma ba ta duba lambar tantancewa, wannan naka ne. Cibiyar kwamfuta da ke shirya ɗalibai wa jarrabawar JAMB, tana son kowace kwamfuta ta sauke sabon kunshin tambayoyin atisaye da kanta, ita ce ainihin mai cin moriyar BITS. Ka sa mata `-Priority Low` don ta yi amfani da ragowar layi kawai. Situdiyon da ke ɗora bidiyo kuwa ba zai ƙaru da ita sosai ba, sai in an juya tsarin, kwamfutar mai tacewa ta zama ita ke janyowa.

A Linux makamancinta `systemd-run` ne: ka ba shi `rsync` ɗinka da suna, shi ya riƙe, kai ka riƙa tambaya da `systemctl show`. Ka sa `--remain-after-exit` don kada labarin ya ɓace da aikin ya gama, kuma kada ka dogara da `Result` shi kaɗai, don yana nuna nasara tun aikin na gudana. Ka haɗa da `SubState` da `ExecMainStatus`. Ya magance rufe manhaja, bai magance ɗaukewar wuta ba, domin irin wannan aikin ba ya tsallake sake kunnawa. In Google Drive ne masaukin, `rclone` na gwada lambar tantancewa bayan kowace ɗorawa, kuma yana da ƙofar da za ka ba shi aiki ya ba ka lamba ka riƙa tambaya, sai dai minti ɗaya kawai yake riƙe sakamakon bayan an gama in ba ka ƙara masa ba. A wayar Android, `DownloadManager` ke wannan aiki, kuma sanarwarsa ta kammalawa ba shaidar nasara ba ce, sai ka tambayi matsayin.

Abin da babu hanyar da ta ɗauke maka

Ko wacce ka zaɓa, gefen mai karɓa na buƙatar doka guda: fayil mai ainihin suna cikakke ne, maras cika ba ya samun sunan. Ka ɗora `ciniki-kwangila.csv.rabi`, ka tabbatar, sannan ka sauya suna. A Linux sauya suna a cikin faifai ɗaya abu ne da ke faruwa gaba ɗaya ko kada ya faru sam, shi ya sa dabarar ke aiki. Daga wannan faifai zuwa wancan kuwa kwafa ce, kariyar ta tafi. Tabbatarwar kuma da lambar tantancewa ta SHA-256 ce: `sha256sum` a Linux, `Get-FileHash` a PowerShell, `hashlib` a Python. Mai turawa ya lissafa kafin ya tura, mai karɓa ya lissafa nasa, a gwada. Ga fayil ɗin kemis wannan bai kai ƙiftawar ido ba. In babban shagon ma na fama da wuta, ka kira `fsync` kafin sauya sunan, domin abin da babbar manhaja ta ce ta rubuta yana iya kasancewa a ƙwaƙwalwa bai sauka faifai ba tukuna.

Sai rajista. Tebur ɗaya a SQLite, ƙaramin rumbun adana bayanai, ya isa: sunan fayil, lambar tantancewarsa, matsayi, sau nawa aka gwada, kuskure na ƙarshe. Ka rubuta layin kafin ka fara turawa, kada ka sa masa “an tabbatar” sai mai karɓa ya amsa da bakinsa. Duk lokacin da manhajar ta tashi, ta ɗebo abin da ba a tabbatar ba ta sake. Wannan na nufin wata rana fayil ɗaya zai isa sau biyu, in amsar ce ta ɓace a hanya, don haka babban shago ya gane shi da suna da lambar tantancewa, kada ya lissafa cinikin Talata sau biyu.

Da wannan a ƙasa, zaɓin ya yi sauƙi. Kemis zan ba shi laburare a cikin zare, da sunan wucin gadi, da SHA-256, da rajista. Kwamfutocin kanta Windows ne, fayil ƙarami ne, girka wani abu daban wahala ce ba riba. Situdiyo zan ba shi `rsync` a matsayin ɗan aike, da `--partial-dir` da `--timeout`, da ɗan rubutun da ke ajiye lambar fita, ko da hakan na nufin a ajiye tsohuwar kwamfuta guda mai Linux a kusurwa, a haɗa ta da inbata, aikinta ke nan. In sun ƙi Linux ƙememe, `sftp` da `reput` da sauya suna a ƙarshe zai yi, amma tantancewar ta dawo kanka. Duk inda Windows ce ke saukewa daga uwar garke, BITS. Kuma in bidiyon ya kai gigabait 20 ana son sa yau, daga Sabon Gari zuwa Samaru filashi a aljihun ɗan acaɓa zai riga layin isa. Shi ma a lissafa masa SHA-256 kafin ya tashi da bayan ya sauka, don filashin kasuwa na da nasa halin.

Kafin ka miƙa wa mai aiki, ka gwada da mugunta. Ka tayar da babbar tura, ka kashe hotsifot ɗin wayarka a tsakiya ba tare da ka rufe komai ba, ka duba agogo ka ga minti nawa manhajar za ta yi kafin ta daina cewa ana kai. Ka sake tayarwa, ka zare wayar wutar kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, ka ga ko ta tuna da aikin. In laftof ce, ka rufe murfinta ta yi barci, ka buɗe bayan minti goma. Ka cika faifan mai karɓa har ya rage megabait kaɗan ka tura abin da ya fi shi. Bayan kowane gwaji ka leƙa foldar mai karɓa, ka nemi fayil mai ainihin suna da lambar tantancewarsa ba ta dace ba. In ka samu ko guda, da sauran aiki.